Agogona na nuna bugun zuciyata 172 alhali hira nake yi a cikin gudu, in yarda da shi?

Malamin Lissafi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta tattaunawarku ban taɓa sa baki ba, yau dai larura ta sa.

Shekarata 52, a Kano nake, koyarwa ce sana'ata. Shekara biyu ke nan da aka same ni da hawan jini, likita ya ɗora ni a kan magani, ya ce in rage gishiri in riƙa motsa jiki. Da tafiya na fara, sannu a hankali ta koma sassarfa. Yanzu sau huɗu a mako, ana sallame sallar asuba nake fita ni da wani maƙwabcina mu zaga ta wajen filin sukuwa, kilomita 5 a minti 38 ko 39. Ba gudun a zo a gani ba ne, muna yi muna hira.

Bayan babbar sallah babban ɗana ya kawo mini agogon gudu, irin mai koren haske a ƙasansa da ke auna bugun zuciya. Duk tsawon damina da kaka lafiya lau muke da shi, in ina sassarfa tsakanin 132 zuwa 142 yake nunawa, in na zauna kuma wajen 70. Tunda sanyin hunturu ya kankama abin ya sauya. Minti uku ko huɗu na farko yana tafiya daidai, 110, 118, 124, sai kawai in ji yana girgiza a hannuna, in duba in ga 168, 170, 172, lambar ta koma ja. Kuma can yake maƙalewa. Wata rana bayan kamar minti 15 sai ya faɗo 138 lokaci guda, wata rana har mu dawo gida yana sama.

Na san lissafin nan na a cire shekarun mutum daga 220. Nawa 168 ya bayar. Ke nan in agogon ya yi gaskiya, na wuce iyakar abin da zuciyata za ta iya, kuma ina nan a kai na tsawon minti goma ko fiye. Amma ni ba na jin komai. Ƙirjina ba ya ciwo, ba na ganin jiri, numfashina bai sarƙe ba, har labarin jarrabawar yara nake ba maƙwabcina. Shekaranjiya na tsaya cak na sa yatsu biyu a wuyana na ƙirga, 34 a daƙiƙa 15. Sau huɗu 136 ke nan. A daidai lokacin agogo na nuna 165.

Abin da ya sa ban ɗauki maganar da wasa ba, yayana da nake bi bara ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa, shanyewar ɓarin jiki, har yau sai an kwantar an tayar. Uwargida da ta ga lambar a waya ta ce in ajiye gudun nan in koma tafiya. Maƙwabcina kuma ya ce agogunan nan don fatar Turawa aka ƙera su, ba sa karanta baƙar fata, in cire in huta. Ni kuma gudun nan ya yi mini rana, na rage kilo 7, awon jinina ya sauka, ba na son in bar shi a kan lambar ƙarya, kuma ba na son in yi kunnen ƙashi in lambar gaskiya ce.

Don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka. Wanne zan yarda da shi, yatsana ko agogo?

Ɗan Tudun Jos ya rubuta:

Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya ba yaya lafiya, ya sa kaffara ce.

Kafin komai, buɗe manhajar agogon a waya, ka shiga gudun ranar da ya nuna 172. Akwai zanen layin bugun zuciya, akwai kuma na yawan taku a minti. Ka kwatanta su. In ka ga daga inda lambar ta yi tsalle layukan biyu sun hau kan juna suna tafiya tare, to ba zuciyarka agogon ke ƙirgawa ba, ƙafarka yake ƙirgawa. Shekara tara ina gudu, kuma duk Disamba sai wannan abu ya same ni a nan Jos.

Ga yadda abin yake. Agogon hannu ba ya jin zuciya kwata-kwata. Koren hasken nan yake haskawa cikin fata, ga kuma wani ɗan ido a gefensa da ke auna hasken da ya dawo. Jini yana shanye koren haske. Duk bugu ɗaya jini na cika ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata, sai hasken da ke dawowa ya ɗan ragu, tsakanin bugu da bugu kuma ya ɗan ƙaru. Wannan raguwa da ƙaruwa yake ƙirgawa, kuma bambancin ɗan mitsitsi ne ƙwarai. In kana zaune babu abin da ke damunsa, shi ya sa awon hutu da na barci yake fitowa da kyau. Da ka fara gudu, duk takun da ka yi agogon na jijjiga a kan fata, jinin hannun na kaɗawa, hasken waje na leƙowa ta gefe. Sai ya zama ganga biyu ake kaɗa masa lokaci ɗaya, ta zuciya da ta ƙafa. Akwai na'urar gane motsi a cikinsa da ke taimaka masa ya cire ta ƙafar. Amma in ta zuciyar ta yi rauni sosai, sai ya bi wadda ta fi ƙara. Yawancin masu gudu kuma takunsu tsakanin 160 zuwa 180 ne a minti, wato daidai inda lambarka take maƙalewa.

Me ya raunana ta zuciyar? Sanyi. In jiki ya ji sanyi yana tsuke jijiyoyin fata don ya riƙe ɗumi a ciki, hannu da ƙafa ne kuma suke fara rasa jini. Ka duba tafin hannunka da asubar hunturu bayan alwala da ruwan sanyi. Shi ya sa da damina ba ka ga matsala ba, shi ya sa kuma bayan minti 15, da jiki ya ɗumama jini ya dawo fata, agogon ke faɗowa 138 lokaci guda. Zuciyar mai gudu ba ta saukowa da bugu 30 a daƙiƙa biyu alhali bai rage gudu ba.

Abin da nake yi: ina matsar da agogon sama, faɗin yatsu biyu daga ɗan ƙashin nan da ya fito a wuyan hannu, inda akwai tsoka. Ina ƙara matse shi da huda ɗaya fiye da yadda nake sawa in zan fita aiki, yadda in na kaɗa hannu ba zai zame ba, in na gama in sassauta. Ina sa riga mai dogon hannu ta rufe shi har sai na fara gumi. Sannan a goge bayansa, domin basilin da muke shafawa da hunturu in ya haɗu da ƙura yana yin danƙo a kan gilashin.

In kana son ka huta da zato, ka nemi madaurin ƙirji. Shi ba haske yake amfani da shi ba, lantarkin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu yake ɗauka, irin wanda ake aunawa a asibiti in an manna wa mutum wayoyi a ƙirji. Kamfanin Polar na ƙasar Finland ya fito da irinsa mara waya tun 1982, har yau kuma masu bincike da yawa da shi suke gwada agogunan hannu. Garmin da Wahoo ma suna yi, kuma yawanci suna haɗuwa da agogo ko waya ta Bluetooth. Shi ma yana da nasa hali da hunturu: in fata ta bushe, ga rigar roba tana goga, yakan yi hauka a mintunan farko. Sai ka jiƙa wurin da ke taɓa fata da ruwa kafin ka ɗaura. Akwai kuma na damtse, mai haske ne kamar agogo, amma da yake damtse ya fi tsoka kuma bai kai wuyan hannu jijjiga ba, ya fi agogo kamawa.

Mai Gyaran Waya ya rubuta:

Baba, ni ta fannin sana'ata zan yi magana. A fara tabbatarwa agogon na gaske ne. Kullum ana kawo mana masu araha da aka kwaikwayi surar manyan, in ka buɗe bayansu koren fitila ne kawai babu idon da ke karantawa, lambar tsara ta aka yi tana yawo tsakanin 70 da 90. Alamar da na fi yarda da ita: ka zauna ka ƙirga da yatsa ka kwatanta, sannan ka hau bene da sauri sau biyu ka sake kwatantawa. Na bogi ba ya bin ka. Amma yadda ka ce da damina yana nuna 132 zuwa 142, ina ganin naka mai kyau ne. Ka duba ko akwai sabuntawar manhaja da ba ka yi ba, kamfanonin suna yawan gyara wannan ɓangaren. Ka kuma duba gilashin baya ko ya tsage ko ya karce.

Ma'aikaciyar Jinya ta rubuta:

Malam barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Bayanin ɗan'uwa na Jos ya yi, kuma ni ma na fi zaton takun ne. Amma ba na son a rufe maganar a nan, saboda abu ɗaya da ya faɗa yana buƙatar gyara.

Gaskiya ne zuciya mai lafiya ba ta tsalle haka. Sai dai akwai larurar da bugun zuciya ke rikicewa ya haura lokaci guda, daga 120 zuwa 170 ko fiye, ya jima a can, sannan ya faɗo lokaci guda kamar an kashe makunni. A zanen waya kamanninsa ɗaya da kuskuren agogo. Yawanci mai shi yana jin faɗuwar gaba, ko zuciya na fat-fat kamar za ta fito, ko jiri, amma ba kowa ke ji sosai ba. Ƙirgen da ka yi da yatsa ya kwantar mini da hankali, sai dai ka tuna da zarar mutum ya tsaya bugun ke fara sauka, kafin ka lalubo jijiyar daƙiƙa 20 sun wuce. Nan gaba ka ƙirga nan take. Da yatsu biyu, ban da babban yatsa don shi ma yana da nasa bugun, kuma a wuyan hannu ya fi. In a wuya ne, gefe ɗaya kawai, kar a danna da ƙarfi.

Mai shekara 52, mai hawan jini, wanda ɗan'uwansa na jini ya samu shanyewar ɓarin jiki, ya cancanci a yi masa awon lantarkin zuciya ko da agogo bai ce komai ba. Ba ya ɗaukar minti goma, ba allura ba ciwo. Ka tafi da wayar ka nuna wa likitanka zanen. Ka kuma tambaye shi irin maganin da kake sha, domin akwai na hawan jini irin su atenolol da bisoprolol da ke rage bugun zuciya da kansu. Mai shan su lissafin 220 ba ya masa aiki sam.

Shi kansa lissafin ma kintace ne. Akwai wani da masu bincike suka fitar a 2001, a ninka shekaru da 0.7 a cire daga 208, naka zai ba da wajen 172. Kowanne aka bi, mutane masu shekaru ɗaya suna bambanta da bugu goma sama ko ƙasa, wasu ma fiye.

Abin da ba a jira a kansa: ciwo ko nauyi a ƙirji, ciwon da ke sauka hannu ko muƙamuƙi, jiri, duhun gani, ko numfashin da ya fi ƙarfin gudun da ake yi. In ɗaya ya zo a tsaya a nemi asibiti, ko da agogo na nuna 120.

Malamin Lissafi ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Ɗan'uwa na Jos, na duba. Wallahi kamar ka gani da idonka. Takuna 169 zuwa 172 ne, kuma daga minti na huɗu layin zuciya ya hau kansa, har inda na rage gudu zan tsallaka titi duka biyun tare suka nutsa suka taso. Hajiya, na karɓi shawararki, ranar Alhamis nake da ganin likita. Maganina amlodipine ne.

Saura maganar maƙwabcina. Ni baƙi ne sosai. Da gaske fata na da tasiri, ko faɗa ce kawai?

Ɗan Tudun Jos ya rubuta:

Maƙwabcinka bai yi ƙarya ba, amma ya zarce. Sinadarin da ke ba fata duhu, melanin, shi ma yana shanye koren haske, don haka a fata mai duhu hasken da ke dawowa ya fi ƙanƙanta. Wannan ba a musu a kai. Inda ake ja-in-ja shi ne ko hakan na ɓata lambar da ke fitowa.

A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada na'urorin hannu bakwai a jikin mutum 60. A kan keke, shida daga ciki kuskurensu a bugun zuciya bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Sun ce kuskuren ya fi yawa ga maza, da masu jiki, da masu duhun fata, da lokacin tafiya a ƙasa. A 2020 kuma na Jami'ar Duke suka gwada na'urori shida a jikin mutum 53 da aka zaɓo daga rukunonin launin fata shida, su ba su ga bambancin a zo a gani tsakanin launuka ba. Abin da suka gani shi ne kuskure lokacin motsi ya fi na hutu da kimanin kashi 30 cikin ɗari. An soke su da cewa mutanen sun yi kaɗan, kuma kai malamin lissafi ne, raba 53 gida shida ka ga nawa irinmu za su kasance a ciki.

Ni yadda na fahimta daga jikina, fatarmu na rage wa agogon rarar da yake da ita. Ranar da komai ke daidai yana karantawa lafiya, shaida ita ce damina guda ka yi da shi ba matsala, kuma fatarka ba ta sauya ba daga Agusta zuwa Disamba. In sanyi da sakin madauri suka taru a kai, mu ne za mu riga mai farar fata ganin kuskure.

Abin da ya fi ba ni haushi a binciken Stanford ɗin ma ba bugun zuciya ba ne, lissafin kuzarin da aka ƙona ne. Babu ko ɗaya cikin bakwai ɗin da kuskurensa ya gaza kashi 20 cikin ɗari. Ina da abokai da ke duba wannan lambar su ƙara malmalar tuwo a kanta.

Ma'aikaciyar Jinya ta rubuta:

In ƙara a kan maganar fata. Mu a asibiti inda abin ya fi damunmu shi ne ɗan maƙalen yatsa mai auna iskar oksijin a jini. Binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya nuna baƙaƙen fata sun kusa ninka farare sau uku wajen samun ƙarancin iska da na'urar ba ta nuna ba. Waccan da jan haske take aiki kuma wani abu daban take aunawa, kar a haɗa su, amma ta koya mana kar mu sallama wa lamba mu bar kallon mara lafiya.

Ga 'yan'uwa mata kuma: lokacin bikin ƙanwata aka yi mini baƙin lalle har wuyan hannu, agogona ya yi kusan mako biyu yana ɗaukewa yana dawowa, sai da na matsar da shi sama da inda zanen ya tsaya. Kamfanin Apple ma ya rubuta a shafinsa cewa tawadar zanen jiki na iya tare hasken.

Malam, amlodipine ba ya cikin masu rage bugun, amma duk da haka ka faɗa wa likita komai.

Malamin Lissafi ya rubuta:

Na dawo da bayani, tunda kun ɗauki lokacinku a kaina.

Alhamis na je, aka yi awon, likita ya duba takardar da zanen wayar ya ce bai ga abin damuwa ba, in ci gaba, amma in abin ya zo da faɗuwar gaba ko jiri in dawo a ɗaura mini na'urar da ake kwana da ita. Ya ce in riƙa tsayawa a gudun da zan iya magana a cikinsa.

Wani tsohon ɗalibina mai wasan ƙwallo ya ara mini madaurin ƙirji na mako guda, na haɗa shi da waya, agogo kuma yana nasa a hannu, don in samu lamba biyu a gudu ɗaya. Ranar Asabar da gangan na ɗaura agogon yadda na saba, sako-sako a kan ƙashi, da gajeren hannu. Minti na biyar ya tafi 171. Madaurin ƙirji a lokacin 134 yake nunawa, kuma har muka gama bai wuce 143 ba. Na tsaya a bakin titi ina kallon lambobin biyu, sai da na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, domin mako uku ke nan kullum da tunanin yayana nake fita.

Litinin na bi shawarar Jos: na goge basilin, na matsar da shi sama, na ƙara huda ɗaya, na sa riga mai dogon hannu, muka fara da tafiyar minti biyar. Matsakaicin agogo 140, na ƙirji 138. Laraba ma haka, bambancin bugu uku.

Inda na ga har yanzu yana baya shi ne in na sauya gudu. Na gwada ƙara wuta tsakanin falwaya uku sannan in koma tafiya. Na ƙirji nan da nan ya hau 156. Agogo sai da na riga na tsaya ina haki sannan ya iso 150, lokacin na ƙirjin ya fara sauka. Sau huɗu na maimaita, sau huɗu yana makara da kamar daƙiƙa 15 zuwa 20. Tunda ni ba irin wannan gudun nake yi kullum ba, bai dame ni ba.

Na mayar wa yaron madaurinsa jiya. Uwargida ta ga takardar asibiti ta yarda in ci gaba, da sharaɗin in riƙa fita da waya. Ɗan'uwa na Jos, na ƙirjin ya ɗan goge mini fata a ƙasan ƙirji, wurin ya yi ja. In na tashi saye, na damtsen da ka ambata yana yin daidai da sanyin asuba kuwa, ko shi ma sai an rufe shi da riga?